Inna, barikinmu yana watsewa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa.

Inna, ɗanki ya zama mutum. Tifa huɗu gare ni yanzu, ina kai yashi da tsakuwa wuraren gini a Jos, ba wanda ya ɗora ni sai Allah. Kin san ni ba matsoraci ba ne. Amma kwanan nan tsoro ya kama ni, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa.

A wurin wani gini da nake kai wa kaya akwai wani injiniya Bature, ɗan Bulgeriya. Ƙasa ce kusa da Turkiyya, na tuna ta a taswira kafin in bar sakandare a aji biyu. Muna shan shayi ya ba ni labarin ƙasarsu. Ya ce babban birninsu ya cika har sai da izinin hukuma mutum yake zama a ciki, garuruwan da ke da masana'antu kullum ƙaruwa suke yi, ƙauyuka kuwa sai tsofaffi. A ƙauyensu an rufe makaranta don ba yara. Wai in mutum ya mutu, sukan manna hotonsa a ƙofar gida, kuma da ya je bara, fuskokin da ya gani a ƙofofi sun fi waɗanda ya gani a hanya.

Na yi dariya a lokacin. Amma ina tuƙi zuwa gida sai barikinmu na bayan Bukuru ya faɗo mini a rai.

Kin tuna yadda leburorin kuza suke yin layi a gaban tukunyar tuwonki, kwano a ka, jiki duk jan laka? Kikan ce, "Barikin nan ko allura ka yar, a kan mutum za ta faɗa." To Inna, aikin kuza ya ja baya. Kowa ya kwashe ya yi Jos. Masallacin da muke sallah har waje, yanzu sahu ɗaya ba ya cika. Rumfarki akuya ce ke kwana a ciki.

Su mutanen Bulgeriya aƙalla suna da dutse da suna a kan kabari. Mu kuwa tudun ƙasa ne da fasasshiyar tukunya, sauran sai abin da mutane suka riƙe a ka.

Ran Juma'a na je ziyararki. Ruwan bana ya baje tuddan, ciyawa ta rufe, shanu sun tattake tukwanen. Na tsaya tsakanin kaburbura biyu, Inna, ni da na sa ki a ƙasa da hannuna, na kasa sanin wanne ne naki. Na nemi wanda zan tambaya, maƙabartar ba kowa. Baba Audu maƙwabcinmu, wanda muka haƙa kabarinki tare, ido ya tafi, kuma 'ya'yansa sun roƙe ni mota su ɗauke shi zuwa Farin Gada a Jos ƙarshen wata. Ba zan hana su ba.

Jikokinki ba su san hanyar barikin ba ma. In ni na ruɗe, su fa?

Na durƙusa a tsakiya, na ɗora hannun dama a kan ɗaya, na hagu a kan ɗayan, na yi addu'a. Haka zan riƙa yi har ƙarfina ya ƙare. Ko wace ce maƙwabciyar taki, ta samu ɗa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi, Shi da ba Ya manta wurin kowa. Amin.

Ɗanki,
Ɗanjuma