Baitin Makara

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Umma ta Madabo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda kika koya mini, a durƙushe, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa. Na san ba za ki karanta wannan ba. Amma tun ina yarinya ba na iya yanke shawara sai na faɗa miki, kuma shekara biyu da rasuwarki ban daina ba.

Wata Laraba ce da hantsi. Na gama shara, na jawo jakar littattafaina daga ƙarƙashin gado, waɗannan da kike cewa su za su ƙona mini tuwo a gidan miji. Ina ɗaga na sama sai na ji ƙarar kwalba. Kwalaben maganin tari ne jere a ƙasa, wasu an shanye, wasu ko buɗewa ba a yi ba. Surukinki ne ya ɓoye su. A zatonsa littafi kamar fim ne da aka gama ɗauka, in an karanta sau ɗaya an wuce wurin. Bai san kowanne sai na maimaita shi sau uku, sau huɗu ba.

Kin tuna lokacin da ya fara zuwa, unguwa ta ɗauka wai ɗan fim na neman 'yar Madabo. Kawu ya ƙi, ke kika tsaya. Kika ce ba sana'arsa kike dubawa ba, yadda yake cire takalmi tun daga soro kike dubawa. Ni kuwa a lokacin gani nake ɗaya daga cikin samarin littattafaina ne ya fito daga takarda ya yi sallama a ƙofarmu.

Da na jera masa kwalaben a gabansa bai musa ba. A wurin ɗaukar fim ya fara, wai don kunya ta sake shi a gaban kyamara. Daga baya ya zamana in bai sha ba ko wanka ba ya iya tashi yi. Wata biyar ke nan muna zuwa asibiti tare. Sau ɗaya ya koma wa kwalbar, kuma da bakinsa ya faɗa mini.

Maganar waƙa ce ta sa na ɗauki biro, Umma. Kin san yadda aikinsu yake: mawaƙi ya rera, ɗan wasa ya fito a hoto yana motsa baki. Shekara da shekaru surukinki yana motsa baki a kan kalaman da ba nasa ba. Wannan karon shi ya zauna da wani abokinsa mawaƙi, wanda suka yi makarantar allo tare, ya ba shi labarinsa duka, shi kuma ya mayar da shi waƙa. Da aka gama ya ajiye mini wayarsa a kan tabarma, ya fice, bai iya zama na ji a gabansa ba.

Baitin farko a kan mutumin da ke fitowa a likita ne, da farar riga, alhali hannunsa rawa yake har darakta ya ce ya sa shi a aljihu. Na biyu a kan miyar da yake cewa ba gishiri, matar ta yi ta ƙarawa, ashe harshensa ne ya mutu. Nan na yi dariya da hawaye, don har fushi na yi da girkina, na ce ban gaje ki ba.

Na ukun naki ne. Ya ce ya ɗauki makarar matar da ta ba shi 'yarta, amma har yau bai san ta wace ƙofa aka fita da ita ba.

Umma, ranar nan na ga idonsa ja wur. A zaman makoki har alfahari na yi wa mata, na ce ya fi 'ya'yan cikinki kuka, ashe maye ne.

Na ɗauki mayafi na tafi Madabo, na yi kwana uku a ɗakinki. Yaya Sani ya ce a cire baitin, cin fuska ne. Gwaggo Tabawa ta ce in ya zama dole, a ba wani ɗan wasan ya fito, a rufa wa juna asiri. Surukinki kuwa saƙo ɗaya ya aiko, wai baitin nawa ne tunda uwata ce, in na ce a cire, an cire.

Na yi ta sauraro a kan gadonki. Mutane za su ji su ce waƙar faɗakarwa ce, su ba samari. Ni abin da na ji, mutum ne ke neman gafarar wadda ba za ta ƙara amsa masa ba. A littattafaina in miji ya yi laifi, mota yake kawowa a shafin ƙarshe. Wannan ba shi da abin bayarwa sai fuskarsa, da ita kuma yake ci da mu. In ya fito da ita, akwai masu shirya fim da ba za su sake kiransa ba. Ya sani, ni ma na sani.

Sai na tuna marurun da na ɓoye miki a hammata har ya hana ni ɗaga hannu. Kina matse shi ina ihu, kina cewa abin da aka rufe shi ke wari. Na kuma tuna yadda kike ajiye masa ƙanzo a kwano, ki hana kowa taɓawa, har ni. Ba na jin macen da ta yi haka za ta so a cire sunanta daga tubansa.

Yaya Sani ya sauko. Ya ce ranar Juma'a zai raka surukinki ya nuna masa ƙofar, ya nuna masa kabarin.

Allah Ya jiƙan ki, Ummata, Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki kamar yadda kika saba yafe mana. Shi kuma Allah Ya riƙa masa, Ya raba shi da kwalbar nan har abada.

Na koma ɗakina a Yakasai jiya. Na ce a bar baitin, kuma shi zai fito da fuskarsa. Farar shaddar da ya sa ranar jana'izarki na wanke na goge, ita zai sa.

'Yarki mai ƙona tuwo,
Bilki