Inna Ba Ta Faɗin Sunan Baba

Talata, bayan isha'i

Yau na raka Inna zuwa Bagudo don ta yanki katin inshorar lafiya, saboda hawan jininta. Tun daga garinmu Kende nake addu'a kada a sa ni magana.

Ma'aikacin kuwa dogo ne mai saje, sak jarumin littafin da ke ƙarƙashin filona. Ya ce, "Hajiya, sunan maigida?"

Inna ta ja hijabi ta rufe baki. Shekara ashirin da aure, ba ta taɓa furta sunan Baba ba. "Shi dai," in ji ta.

"To, shi dai ɗin sai ya zo ya sa hannu."

Baba na can Benin da buhunan albasa, sai bayan Sallah. Maganin Inna kuwa jibi zai ƙare.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Yallaɓai, jininta ne ke hawa, ba na Baba ba!"

Ya kwashe da dariya, ya buga hatimi.

Na tsaya ina jira ya ɗago ya dube ni kamar yadda ake yi a littafi. Ya ɗago kuwa. Ya ce, "Ƙanwata, matsa, akwai layi."