Unguwar da Marigayi Ya Zaɓa

Zuwa ga Inna Halimatou mai filin shawara,

Inna, ki taimake ni don Allah. Kaina ya ɗau zafi, kuma duk wanda na tunkara da maganar nan a Tawa sai ya ce in yi haƙuri. Haƙurin na yi, ba shi nake nema ba yanzu. Ki gafarce ni in rubutun bai miƙe ba, a aji huɗu na bar lakwal, wato makarantar boko.

Maigidana ya rasu a watan Yuli. Direban babbar mota ne, yana cikin masu kai hatsin agaji ƙauyukan arewa da farin nan ya cinye, motar ta kife da shi a hanyar Abalak. Ya bar ni da ƴaƴa mata biyu. Babbar zan kira ta Madina, ko da yake ba sunanta ba ne. Shekararta goma sha biyu, bana za ta shiga aji shida, ajin jarrabawar shiga kwaleji. Ƙaramar ba ta cika uku ba. Ni kuwa a ɗakin haihuwa nake aiki, ina shara, ina wanke kaya, ina taimakon ungozoma.

Tun bara muka nemi a mayar da aikina Yamai, domin can yake ɗaukar kaya. Takardar canjin aikin ba ta fito ba sai kwana ashirin bayan an binne shi. An ce in kama aiki ranar ɗaya ga Oktoba a wani ɗakin shan magani a ƙetaren kogi. Kin san zamanin soja ne, in takarda ta ce ranar ɗaya, ba wanda zai saurari dalilinki ranar biyu.

Inna, mutumin nan bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma shi ya nema wa ƴarsa makaranta. Duk zuwan da ya yi Yamai, kafin a gama loda motar sai ya shiga unguwanni da ƙafa. Ya tsaya a inuwa kusa da ƙofar lakwal lokacin tashi, ya roƙi yara su nuna masa littattafansu. Ba karantawa yake ba, jan biro yake nema. In ya ga malam ya bi kowane shafi da ja, sai ya ce nan ana duba yara. In ya buɗe shafi goma bai ga ja ba, ya wuce gaba. Yana kuma duba ko akwai famfo kusa, da ko yaro zai tsallake kwalta kafin ya isa, don shi direba ne, ya san abin da mota ke yi. Da ya dawo sai ya zauna bakin ƙofa yana jiƙa ƙafafunsa a ruwan ɗumi, yana ba ni labarin unguwanni kamar mai zaɓen iri. A ƙarshe ya tsaya kan unguwar Dar es Salam. Har ya samu wata dattijuwa mutuniyar Maraɗi da ta yi masa alkawarin ɗaki a gidanta.

To ga wansa, Yaya Abdulaye, ɗan kasuwa ne a unguwar Lamorde ta Yamai, can ƙetaren kogi kusa da jami'a. Ba zan ci zalinsa ba, shi ya zo ya tsaya kan jana'iza, ya yi kuka kamar yaro. Ya ce ga ɗaki a gidansa kyauta, ga shi kusa da wurin aikina. Amma na taɓa kwana bakwai a gidan, na gani da idona. Matarsa Balkisa tana tuyar masa da dama kunu don ɗaliban jami'a, kuma duk yarinyar da ke gidan sai ta ɗauki faranti ta zagaya kafin ta tafi lakwal. Ƴaƴanta biyu sun maimaita aji, ta ukun an sallame ta. Da na faɗi haka sai ya ce lakwal lakwal ce, duk allo baƙi ne.

Da na aika masa cewa ɗakin da marigayi ya zaɓa zan kama, sai magana ta tashi. Wai mace ba miji ta kama haya ita kaɗai a birni, zaman kanta take so. Surukata kuma ta ce takabata ba za ta cika ba sai ƙarshen Nuwamba, in na bar ɗakin ɗanta kafin nan, ita da ni har abada. Shawarar da suka yanke ita ce Yaya ya tafi da Madina gidansa yanzu, ni in zauna in gama, in bi daga baya. Wato in rasa aikin, yarinya kuma ta ɗauki faranti a shekarar jarrabawarta.

Ban taɓa ɗaga wa surukata ido ba tun da aka kawo ni gidan nan. Amma ranar na durƙusa gabanta na ce: "Inna, ki yafe mini, yarinyar nan ba zan ba kowa ba, kuma inda babanta ya nuna can za ta yi karatu." Tun daga lokacin ba ta amsa gaisuwata. Su kira ni da sunan da suka ga dama. Waɗanda ke faɗin maganar ba su ne suka ga ƙafafunsa a kumbure ba.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro. Dar es Salam da nisa daga wurin aikin, kullum sai na haye gada. Akwai kwanan aiki, in na kwana can wa zai kula da yaran? Kuma takabar nan, ba na so in saɓa wa Allah a kan mutumin da bai taɓa saɓa mini ba. Ki gaya mini gaskiya, taurin kai nake yi?

Uwar Madina, Tawa

Amsa

Ƴata uwar Madina,

Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya sa hatsin da ya kai wa mayunwata ya zame masa haske a kabari. Ba taurin kai kike ba. Amma kin tsaya a kan abu ɗaya har kin daina ganin na gefensa, bari in nuna miki.

Maganar takaba ba tawa ba ce, ba ta surukarki ba ce, ta malamai ce. Abin da na sani, suna yin sassauci ga matar da larura ta tilasta wa fita neman abinci ko sauya gida. Ki ɗauki takardar aikinki ki je wurin malamin da surukarki ta yarda da shi, ki tafi da wani babba daga danginta, don amsar ta isa kunnenta ba ta bakinki ba. In ya ba ki hanya, ki ƙarasa kwanakinki a sabon ɗakin yadda addini ya ce. Ki ci gaba da gaishe ta ko ba ta amsa ba. Ɗa ta rasa, yanzu kuma tana ganin jikokinta za su tafi.

Abdulaye ma ba duk maganarsa ce ta banza ba. Yamai ta cika bana, mutanen da fari ya koro suna ko'ina, hatsi ya yi tsada, kuma gidan da ke da manya a ciki ba abin rainawa ba ne. Kada ki rufe ƙofarsa, kada kuma ki sake ambaton ƴaƴan Balkisa, ita ma ciyar da gida take yi. Ki roƙe shi ya zama shi zai kai ki wurin mai unguwar Dar es Salam, ya gabatar da ke a matsayin matar ƙaninsa. Wanda ya raka ki da kansa ba zai koma ya ce zaman kanki kike ba.

Dabarar marigayi ta burge ni, na ga masu digiri da ba su yi tunanin haka ba. Sai dai ki tuna, irin takardar da ta ɗauke ki daga Tawa tana ɗauke malamai ma. Mai jan biron bara wataƙila yana Diffa yanzu. Da kin sauka, ki je wurin daraktan makarantar ki tambaye shi yara nawa suka ci jarrabawa a watan Yuni, wa zai riƙe aji shida bana, yara nawa ke zama a benci ɗaya. Kafin ki bar Tawa ki karɓi takardar canjin makaranta da ta haihuwar yarinyar. Ki iso da mako guda a hannu, don azuzuwa na cika da wuri.

Dattijuwar nan kuma ki tambaye ta ba kunya: ranar kwanan aikinki, yaran za su kwana a ɗakinta? In ta ce a'a, ki nemi wani gida a unguwar, kada ki bar ƴar shekara sha biyu da goyo su kaɗai don cika alkawari. Ki kuma roƙi shugabar wurin aikinki ta rage miki kwanan aiki har jarrabawa ta wuce.

Gadar za ta gajiyar da ke, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma daga Oktoba zuwa Yuni wata tara ne, kuma ke za ki sha wahalar, ba ita ba. Kada ki ba da yarinyar. Ranar da aka buɗe lakwal, ki riƙe hannunta ki kai ta da kanki.

Allah Ya sauke ku lafiya, Ya ba Madina sa'a, Ya sanyaya zuciyar kakarta.

Inna Halimatou