Abin da Mai Hoton Kai Ya Raɗa Miki

Zuwa ga matata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida. Ni da sauƙi, sai jiri idan na juya kai. Wayata ta farfashe ranar da na faɗo daga rufin da nake bugawa, shi ya sa na ari biro wurin nas. Inna za ta kawo miki takardar. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san iyakar karatuna.

Ranar Talata da safe da aka kai ni hoton kai, kun ɗauka ban san inda nake ba. Idona biyu. Ina kwance a gadon injin nan mai kama da ƙaton zobe, ina fizge-fizge, aka ce a samu wanda zai tsaya ya riƙe ni. Kika matso. Sai mai ɗaukar hoton, dogon nan mai tabarau da ƙamshin turare, ya ja ki gefe, ya sunkuya ya raɗa miki magana. Na ga kin rufe baki da gyale, kin gyaɗa kai. Murmushin da kika yi masa, shi ne kika yi mini ranar da na fara tsayar da ke a ƙofar gidanku. Na ɗauka nawa ne ni kaɗai. Ya washe baki, ya raka ki har waje da kansa, rigar nan mai nauyi da ya ɗauko miki kuma ya rataya wa Inna.

Yau kwana uku ban gan ki ba. Inna ta ce ba kya jin daɗi, warin asibiti yana tayar miki da zuciya. Da can bai tayar ba.

Likita ya nuna mini hoton. Ɗan jini ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai, bai fi ƙwayar wake ba, ya ce in Allah ya so zai baje da kansa. Na ce ya ƙara dubawa, akwai abin da ya fi jinin cin raina, injinsu bai kama ba.

Kin san ban taɓa ɗaga miki murya ba. Ƙusa ma idan ta lanƙwashe miƙe ta nake yi, ba na yarwa. Amma ki rubuto mini abin da ya faɗa miki. Idan ba za ki faɗa ba, ki yi zamanki, kada ki zo.

Mijinki, kafinta.

Zuwa ga matata, hasken idona,

Assalamu alaikum. Ya jikin? Wannan karon da gaske nake tambaya.

Inna ta dawo ba amsa. Ta ce kin karanta kin yi kuka, ta ajiye mini kwanon abinci da ƙarfi, ta ce ashe faɗuwar har hankalina ta taɓa.

Yau aka mayar da ni hoto na biyu. Da mutumin yana gyara mini kai, na daure na tambaye shi. Ya ce, "Malam kafinta, maganar matarka ce, ba tawa ba. Kar ka motsa." Wallahi saura kaɗan na motsa.

Ina zaune a baranda ina jiran a mayar da ni gadona, aka kawo wata yarinya da ta faɗo daga bene, tare da uwarta. Ƙofar ɗakin hoton a buɗe. Mai tabarau ya ja matar gefe, daidai inda ya ja ki, ya sunkuya, ya nuna wata takarda a bango. Ta kwashe da dariya, ta girgiza kai, ta ce, "Ni? Wannan ce auta, ɗana, na rufe shago!" Ya rataya mata rigar, ta tsaya a cikin ɗakin.

Na ƙura wa takardar ido. Ban iya rubutun ba, amma zanen mace ce mai ciki, an ja jan layi a kanta. Mai tura kekena ya ce hasken injin ba ya shiri da jinjirin da ke ciki, shi ya sa kowace mace sai an tambaye ta.

Ita ta girgiza kai, aka bar ta. Ke kika gyaɗa, aka fitar da ke.

Na ji kunya har ƙasa. Ki yafe mini, ki yaga waccan wasiƙar. Jinin ya fara bajewa, likita ya ce ba sai an yi aiki ba. Kada ki zo warin nan, ni zan zo.

Amma kada ki ɗauka na huce da mai tabarau. Ni na ɗaura aure, ni na haɗa gadon ɗakinmu da hannuna, amma wani ƙato ne ya riga ni jin zan zama uba, har da dariyarsa. Na san kunya ce ta hana ki, to shi ina kunyar ta tafi? Ranar suna ba zan gayyace shi ba. Idan ya zo, a waje zai zauna.

Mijinki mai naɗaɗɗen kai.

Na manta: ba shi kaɗai ba ne ma. Mai tura keke ya ce ya gani ranar. Mai shara ta gani, ɗazu ta yi mini barka. Tsohon da ke gadon kusa da ni, mai karayar ƙugu, yana layi a bakin ƙofa, ya gani. Sai Inna, wadda ta sa rigar a madadinki, ta karɓi waccan wasiƙar a hannuna ta kai miki, ba ta ce mini uffan ba.