Hudar Da Na Auna Ba Daidai Ba

Zuwa ga Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa zaman nesan nan ya zama alheri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kaji, ka ga kuwa lafiya ta samu.

Yaya, akwai abin da ya tsaya mini a rai, na kasa faɗa maka a waya. Wata biyu da suka wuce bututun iskar gas ya ɓalle a masana'antarmu, daidai mahaɗa. Ba a rasa rai ba, amma dattijon da ke haɗa bututu, wanda muke kira Mai Sifana, yana kusa, kunnensa na hagu ya mutu. Aka ce shi ne bai ɗaure noti da kyau ba, aka dakatar da shi yana kwance a asibiti.

A cikin bututun akwai faifan ƙarfe mai huda a tsakiya, ta nan iskar ke wucewa. Ni na fitar da faɗin hudar shekara biyu baya, a kwamfuta. Ita kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da ka gaya mata game da mashiga da mafita: matsin iskar nawa ne, zafinta nawa ne, yaya halinta yake. A kan wannan take gina sauran lissafin. Da aka ce in sake gwajin don rahoto, sai na buɗe tsohon aikina a kwamfutar. Ashe na bar iskar tamkar ruwa, wai ba ta matsuwa, kuma na kafa mafitar dab da faifan. Da na gyara, na matsar da mafitar can nesa, sai ga shi ƙiri-ƙiri: iskar na kaiwa gudun sauti a bakin hudar sai ta shaƙe, ko an rage matsin gaba ba za ta ƙara wucewa ba. Hudar ta yi kaɗan, matsi ya taru a baya. Notin dattijon lafiyarsa ƙalau.

Sau huɗu na maimaita ko zan samu wata amsa. Manaja ya ce a rubuta cewa ba a gano musabbabi ba, kowa ya huta. Wallahi Yaya na so in yarda, kwana uku takardar na kan teburina. A na huɗu na rubuta gaskiya na sa hannu. Yanzu an ɗauke ni daga sashen zane, sai kwamitin bincike ya gama zama, ban san abin da za su yanke ba.

Na je gidan dattijon. Yana zaune a tabarma, na durƙusa na faɗa masa komai kaina a ƙasa. Sai ya juyo da kunnen dama, ya ce 'yata ki sake faɗa, bai ji ba. Na sake, da ƙarfi, matarsa na tsaye a bakin ƙofa. Ya ce kunne ya yafe, amma shekara ashirin da shida yana ɗaure noti ba a taɓa kwance aikinsa ba, yana so in faɗi wannan magana a gaban abokan aikinsa. Ranar da aka mayar da shi bakin aiki na tsaya a tsakiyar wurin gyara, aka kashe injuna, na faɗa. Da na gama, ya tambaye ni sabon faɗin hudar, ya sa na rubuta masa a takarda.

Inna ba ta sani ba tukuna, ka bari ni zan gaya mata. Ka sa ni a addu'a. Ka gaishe da Anti da yara, da Kawu idan kun haɗu. Goggo na gaishe ka, ta ce ka yi wuyar gani.

Ƙanwarka, Auta.