Tawul Ɗin da Na Goge wa Ɗiyata da Shi

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karatu. Ku rufa mani asiri, a sakaya sunana. Kuma don Allah kar ku tsine mani, wadda nake wa kaina ta ishe ni.

Daga wani ƙauye nake kusa da 'Yankara. Bara tukunyar kunu ta kife wa ɗiyata Hadiza a baya, shekararta shida. Babanta ya ɗauko mota aka kai mu wani sabon asibiti, irin waɗanda ake ta ginawa tun da kuɗin mai suka shigo. Cikin sati ƙunar ta fara kamewa, har Hadiza tana tambayata yaushe za mu koma ta ga akuyarta.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata tsohuwa mai gyambo a ƙafa, yana ta zubar da ruwa kore-kore, ba ta da mai jinya. Nas ta gargaɗe mu: "Kowa ya riƙe kwanonsa da tawul ɗinsa. Akwai ƙwayoyin cutar da ba ruwansu da mai lafiya, mai buɗaɗɗen ciwo suke jira." Na ce a raina, ji iyayin 'yan boko! A garinmu wa zai ƙyamaci sa'ar uwarsa? Kullum sai na wanke wa tsohuwar nan ƙafa da tawul ɗinmu, tana cewa, "Allah Ya raya maki, 'yar nan." In ɗauraye shi da ruwan sanyi, in goge wa Hadiza gefen ƙunarta in zafi ya dame ta.

Kwana huɗu bandejinta ya koma kore, da warin nan dai da na sani. Nas ta dube ni ta ce, "Kin taɓa ta da wani abu?" Na rantse ban taɓa ba. Wayyo ni! Da na faɗa, da sun canza magani da wuri? Zazzaɓi ya rufe ta, ranar Juma'a ta cika a cinyata. Na san kwana ne ya ƙare, amma da hannun wa?

Babanta ya ce asibiti ne ya kashe mashi ɗiya, ya rantse jininsa ba zai ƙara taka can ba. Har yau ban faɗa mashi zancen tawul ɗin ba.

To ga shi yanzu fartanya ta sare Sani, ƙanen Hadiza, a ƙafa. Ta kumbura har gwiwa, magani sai na shafawa. Jiya na durƙusa na ce, "Malam, a kai shi mana." Ya ce, "Ke da kika ga abin da suka yi wa Hadiza da idonki?"

In na faɗa mashi gaskiya, ƙila ya kai yaron, amma ba zai ƙara kallona a matsayin uwar 'ya'yansa ba. In na yi shiru, ƙafar nan ba ta jirana. Yau da safe Sani ya kasa taka ta.

Jama'a, me zan yi?