Jan Ɗigo a Bayan Caji Ofis

Litinin, 8 ga Satumba

Dokta, mai binciken ofishinmu, ya kafa taswirar sace-sacen garin a bangon ofis. Shekara biyu ina shigar da rahotannin sata a kwamfuta, dubu huɗu da 'yan kai, yau na ga abin da suka zama. Ya ce ba a yi wa gari awo ɗaya: abin da ke tafiya da sata a wannan unguwa ba lallai shi ke tafiya da ita a waccan ba. Kowace unguwa da lissafinta, amma ana leƙa maƙwabta, na kusa ya fi nauyi. Na ce kamar haƙƙin maƙwabtaka ke nan, yadda aka karantar da mu. Ya yi dariya, “Anti, da ke kika rubuta min gabatarwa da na huta.”

Wuri ɗaya ne ya yi ja wur: layin makanikai na bayan caji ofis.

Laraba, 10 ga Satumba

A sauran gari, yawan gareji da yawan sata ba ruwan wani da wani. A layin nan kaɗai suke tafiya tare. Ogan ofishinmu ya ji daɗi. Talata za a miƙa wa hukumar tsara gari rahoton binciken, dama tana neman hujjar tashin garejin.

Ta nan nake bi kullum. Wani mai walda a layin ya gyara min ƙafar kujera yau, yana ta tsiya wai kujerar ta girme shi.

Alhamis, 11 ga Satumba

Sata a bayan caji ofis. Ɓarayin nan ko dai ba su da hankali, ko...

Juma'a, 12 ga Satumba

Na buɗe jan ɗigon a kwamfuta. Rahoto ɗari uku da sha biyu, duk a tabo ɗaya, ba ko taku tsakaninsu. Caji ofis ɗin ne kansa.

Ni ce. In takarda ta zo ba adireshi, ko an rubuta “a cikin mota”, “a hanya”, sai in sa inda aka kai ƙara. Ba wanda ya sa ni. Ban iya barin gurbi fayau ba ne, tun ina yarinya allona ba ya kwana da rabin layi. Na ɗauka cika aiki nake yi.

Kuma tunda na kusa ya fi nauyi, jan ya malala kan maƙwabta. Maƙwabcin caji ofis shi ne gareji.

Asabar, 13 ga Satumba

Wanki. Guga. Na faɗa wa Baban yara. Ya ce, “Ƙarya kika rubuta?” Na ce a'a, can aka kai ƙarar. “Can aka yi satar?” Na ce a'a. Ya ce to me nake tambayarsa. Da ya ga fuskata sai ya ƙara, “In sun kore ki, kya zo ki lissafa min inda silifas ɗina ke ɓacewa a gidan nan.”

Ba wanda zai gano. Dokta ba ya buɗe takardu, lambobi yake gani. Na lura sau uku ina nanata wa kaina wannan, har a kan sallaya.

Litinin, 15 ga Satumba

Na tsaya bakin teburin Dokta har ya ɗago. Na faɗa masa abin da na yi. Ya daɗe yana kallon bangon.

“Anti, babi guda na rubuta a kan ɗigon nan.”

Na ce na sani, ni na buga shi.

Ya cire ɗari uku da sha biyun, ya sake sakin lissafin. Aikin ya ci minti arba'in. Taswira ta fito. Layin makanikai ya koma fari-fari kamar ko'ina. Wani ja kaɗan ya bayyana wajen tasha, inda fitilun titi suka mutu; da can jan ɗigon namu ya danne shi.

Oga bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Malama, shekara biyu?” Na ce shekara biyu, ranka ya daɗe. Ya ce in rubuta bayani, za a sa a fayil ɗina.

Talata, 16 ga Satumba

Ba a kai rahoto ba. Na rubuta bayanin, shafi ɗaya. Ban sa “bisa kuskure” ba, don da sanina na yi, fahimta ce ban yi ba.

Alhamis, 25 ga Satumba

Hukuma ta ɗage maganar gareji, ba ta ce ta fasa ba. Mai walda bai san komai ba; ya tambayi lafiyar kujera, na ce tana gaishe shi.

Dokta ya daina ce min “Anti” kwana goma, yau ya dawo da ita. A taro ya ce unguwar kogi ba sata. Na ji bakina ya ce, “Ko kuma ba mai kai ƙara, caji ofis ya yi musu nisa.” Duk suka juyo. Ya rubuta a takardarsa. Ba wani abu ba ne, tambaya ce kawai.

Takardu sittin na shigar yau. Sha ɗaya ba adireshi, na bar gurbinsu fayau. Na kashe kwamfuta na ɗauki jakata, ban koma na duba ba.

To, na duba sau ɗaya.